Shekara Ɗari Ana Sassaƙa Maƙogwaron Inji Ana Goge Shi: Me Aka Samu?

Duk wanda ya taɓa riƙe sitiyari ya san totur. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, idan ka taka totur a motar fetur, iska kake buɗe wa hanya, fetur daga baya yake biyowa. Ɗaga bonet ka bi bakin tiyon da ya fito daga matatar iska ya nufi inji. Inda ya ƙare za ka tarar da wani gajeren bututu na alminiyon, a cikinsa akwai faifan ƙarfe da ke juyawa a kan wata sanda. Makanikai na ce masa totur bodi, mu kuma a nan bari mu kira shi maƙogwaron inji, don aikinsa kenan. Ƙafarka na ƙasa, faifan ya miƙe iska ta wuce. Ka ɗaga ƙafa, ya koma ya tare hanya.

A duniyar masu son ƙara wa mota gudu akwai wata tsohuwar sana'a: a cire wannan bututu, a sa masa garanda a faɗaɗa cikinsa, a rage kaurin sandar, a bi shi da samfefa har ya riƙa ɗaukar ido kamar madubi. Mai aikin zai ce maka mota za ta samu ƙarin dawakai. Za ka biya kuɗi, kuma idan hannu ya zarce za ka iya komawa gida da motar da ba ta iya tsayawa a sulo. To daga ina wannan al'ada ta samo asali, kuma nawa ne gaskiya a cikinta?

Sai mun fara da yunwar inji. Domin fetur ya ƙone tas, kowane giram ɗaya nasa yana buƙatar kimanin giram 14.7 na iska. Da yake iska ba ta da nauyi, wannan na nufin litar fetur ɗaya tana cin iska wajen lita 9,000. Ƙara fetur abu ne mai sauƙi, iska ce ke da wuyar samu. Tun injin da Nikolaus Otto ya ƙera a Jamus a 1876, tsarin bai sauya ba: fistin ya sauka, wuri ya buɗe a cikin silinda, iskar waje ta turo kanta ciki. Wanda ke turo ta kuwa nauyin sararin samaniya ne kawai, wato kimanin faskal 101,000 a bakin teku. Wannan shi ne jarin da injin da ba shi da tabo yake da shi gaba ɗaya. Kowace kwana da kowane ƙunci a hanya sai sun karɓi harajinsu daga ciki, abin da ya rage shi ke isa silinda. Riƙe wannan adadi, za mu dawo gare shi.

Faifan mai juyawa ya girmi mota. Injinan tururi na James Watt sun yi amfani da irinsa tun wajen 1788 wajen rage tururi da ƙara shi. Da Wilhelm Maybach ya fito da kafireta mai fesa fetur a 1893, aka ci gaba da gyara ta har faifan ya samu mazauni a ƙasanta. Ita kafireta da dabarar da Giovanni Battista Venturi ya bayyana a 1797 take aiki: idan bututu ya tsuke a tsakiya, iska na ƙara sauri a wurin, matsinta kuma ya ragu, wannan raguwar ce ke zuƙo fetur. Ka ga ke nan dole ne kafireta ta kasance da ƙunci. In ka faɗaɗa wuyan, iska za ta wuce da yawa idan inji ya ɗau zafi, amma a ƙaramin gudu zuƙar ta yi rauni, mota ta riƙa shaƙewa. Duk wanda ya yi zamani da Fijo 504 da aka riƙa haɗawa a Kaduna ya san yadda saitin kafireta ke cin lokacin bakanike.

Sassaƙa ta yi suna ne a Amurka. A 1932 kamfanin Ford ya fitar da inji mai silinda takwas a farashin da talaka zai iya saye, mai ƙarfin doki 65. Bawul ɗinsa a gefen silinda suke, a cikin gangar jikin injin, saboda haka sai iska ta hau sama, ta yi kwana, ta tsallaka gefe, kafin ta gangara kan fistin. Ga shi kuma a cikin yashi ake zuba narkakken ƙarfen, hanyoyin iskar su fito da kaushi, da tsini a inda rabi biyu na mazubin suka haɗu, bakin wannan rami bai dace da bakin wancan ba. Samarin Kalifoniya da ke tsere a kan busassun tafkuna irin su Muroc da El Mirage sai suka ɗauki garanda. Suka share tsinin, suka daidaita bakunan ramuka, suka sassaƙe tudun da ke tsakanin bawul da silinda, suka ɗora kafireta biyu ko uku a inda da ɗaya ce. Kuma sun ga amfani, domin injin a shaƙe yake tun daga masana'anta. Mujallar Hot Rod da ta fara fitowa a 1948 ta yaɗa wannan ilimi ko'ina.

A nan ne sassaƙa da gogewa suka zama 'yan tagwaye a bakin mutane, ba a ambaton ɗaya sai da ɗaya. A ganina akwai dalilin kasuwa a ciki. Mai mota ba zai iya gane ko kwanar rami ta yi daidai ta hanyar leƙawa ba, amma sheƙi kowa na ganinsa. Shi ne rasidin da ke nuna an yi aiki.

A Ingila kuwa wani mutum ya bi ta wata hanya dabam. Harry Weslake, wanda aka haifa a Exeter a 1897, da ƙera kafireta ya fara. Tun a shekarun 1920 ya soma yin abin da a yau muke ganin kamar ba komai ba ne: ya riƙa tura iska ta cikin ramukan kan silinda yana auna yawan da ta wuce, ya gyara siffar ramin, ya sake aunawa. Awo ya maye gurbin ido. Da wannan dabara ya yi wa Bentley aiki, ya yi wa kamfanin da ya zama Jaguar, ya sa hannu a injin Vanwall da ya ci kofin kamfanoni na farko a tseren Formula 1 a 1958, kuma injin da ke ɗauke da sunansa ne Dan Gurney ya ci tseren Beljiyam da shi a 1967. Abin da awo ya yi ta nunawa, a wurinsa da wurin waɗanda suka biyo baya, shi ne mafi yawan asara na faruwa ne dab da bawul da kuma wurin da iska ke yin kwana mai kaifi. A irin wannan wuri iska kan saki bango ta bar wani yanki yana ta juyi a banza, hanyar ta tsuke ko da ramin na da faɗi. Wani lokacin ma cike wani gefe na ramin ya fi yanke shi amfani. Tun kafin nan Harry Ricardo ya riga ya nuna cewa hargitsin iska a cikin silinda na sa wuta ta ci da sauri, saboda haka iska mai shigowa da gudu tana da nata amfanin, kuma rami mai faɗi fiye da kima yana kashe wannan gudun.

To ina matsayin sheƙi? Amsar ba daga gareji ta fito ba, daga ɗakin bincike ta fito. A 1904 Ludwig Prandtl ya bayyana cewa duk iska ko ruwan da ke gudu a kan wani abu, ɓangaren da ke taɓa bangon a tsaye yake cak. Daga nan gudun ke ƙaruwa a hankali cikin wata siririyar shimfiɗa har ya kai na tsakiya. Wato iskar da ke cikin bututu a kan 'yar'uwarta iska take zamewa. A 1933 wani mai bincike a ƙarƙashinsa, Johann Nikuradse, ya yi wani gwaji mai ban sha'awa saboda sauƙinsa. Ya tankaɗe yashi zuwa girma daban-daban, ya manna shi a cikin bututai, ya tura ruwa yana auna asarar matsi. Ya gano cewa muddin ƙwayoyin yashin ba su leƙo sama da can ƙasan wannan shimfiɗa ba, bututun na aiki tamkar mai santsi. Kaushi na fara cin haraji ne idan ya yi tsawon da ya huda ta. Har gobe injiniyoyin bututun ruwa da na mai suna aiki da sakamakon wannan gwaji. Darasinsa ga mai samfefa shi ne, da zarar ka share manyan tudu, duk gugar da ka ƙara bayan nan iska ba ta ma san ka yi ba.

A zamanin kafireta sheƙi har illa yake da ita. Abin da ke bin hanyar ba busasshiyar iska ba ce, gauraye take da ɗigon fetur, kuma wani kaso na fetur ɗin na sauka a bango. A kan bango mai santsi sosai sai ya taru ya riƙa kwarara, wata silinda ta samu da yawa wata ta samu kaɗan. Shi ya sa ƙwararrun masu haɗa injin tsere suka koma barin hanyar shiga da ɗan kaushin samfefa mai tsakuwa, su goge hanyar fitar hayaƙi kawai, ita ma don kada baƙin gawayi ya samu wurin kamawa.

Masu tsere ba su manta da faifan totur ba, sai dai abin da ya dame su a kansa dabam ne. Ko an buɗe shi gaba ɗaya, faifan da sandarsa suna nan tsaye a tsakiyar hanya. Injin Cosworth DFV da Keith Duckworth ya zana, wanda ya ci tserensa na farko a Zandvoort a 1967 da Jim Clark a kan sitiyari, ya kuma ci tsere 155 a Formula 1 kafin a daina yayinsa, bai yi amfani da faifai mai juyawa ba. Wani falle ne mai ramuka ke zamewa gefe, idan ya buɗe duka kowace silinda ta samu bututu fayau babu komai a ciki. A farkon shekarun 1970 kuma kamfanin SuperFlow na Amurka ya fara sayar da ƙaramin teburin awon iska, abin da ya kai dabarar Weslake har ƙananan gareji. Daga baya injinan yanka masu aiki da kwamfuta suka zo, suna iya kwafar siffar rami guda mai kyau sau dubu ba kuskure.

Maƙogwaron inji a matsayin wani abu mai zaman kansa ɗan zamanin injekta ne. A 1967 Volkswagen ta fara sa tsarin D-Jetronic na kamfanin Bosch a motocinta ƙirar 1600, inda na'urar lantarki ke lissafa fetur, nozul kuma ya fesa shi dab da bawul. Zuwa farkon shekarun 1990 dokokin hayaƙi sun kori kafireta daga sababbin motoci a Amurka da Turai. Tunda an daina buƙatar ƙunci don zuƙo fetur, sai aka jefar da shi, abin da ya rage shi ne bututu da faifai. Tsohuwar al'adar sassaƙa da gogewa ta biyo shi, kuma ba abin mamaki ba ne: noti huɗu ke riƙe da shi, a rabin awa ka cire, alhali kaiwa ga ramukan bawul sai an sauke kan silinda gaba ɗaya. Amma wurin da ya fi sauƙin kaiwa ba lallai ne ya zama wurin da matsalar take ba.

Mu yi lissafi, ba mai wuya ba ne. Ɗauki inji mai lita 2 yana juyawa sau 6,000 a minti. A kowane juyi biyu yake cika silindoginsa sau ɗaya, saboda haka in ya cika maƙil yana shan lita 6,000 a minti, wato lita 100 a daƙiƙa. A ce faɗin maƙogwaronsa milimita 60 ne. Iskar za ta wuce da gudun kimanin mita 35 a daƙiƙa, kuma matsin da ake kashewa wajen kai ta wannan gudu ya kai faskal 750 ko ƙasa da haka. Ko an ce duk ya salwanta, bai kai kashi 1 cikin ɗari na jarinmu na 101,000 ba. Ka faɗaɗa ramin zuwa milimita 64, gudun ya sauko zuwa mita 31, ka ceto faskal wajen 170. A injin da ke ba da ƙarfin doki 150, ribar ba ta wuce rubu'in doki ɗaya ba.

Na gogewa ya fi wannan ban tausayi. Asarar gugar bango ta dogara ne da tsawon bututu idan aka kwatanta da faɗinsa, shi kuwa maƙogwaro tsawonsa da faɗinsa kusan ɗaya ne. Duk gugar da iska ke yi da bangonsa ba ta wuce faskal 15 zuwa 30 ba. Wannan shi ne iyakar abin da samfefa za ta iya taɓawa, kuma ba za ta share shi duka ba.

Sandar ce ma ta fi cancantar a duba ta. Idan kaurinta milimita 10 ne, ta tare kusan kashi ɗaya cikin biyar na ramin, gudun iska ya kai wajen mita 45, asarar ta doshi faskal 1,200. Rage mata kauri da lafe kawunan sukurorin da ke riƙe da faifan na iya dawo da 'yan ɗaruruwan faskal. Nan ne gaskiyar sana'ar take, kuma ita ce matsalar da Duckworth ya kauce wa tun 1967. Duk da haka, rabin doki ko doki ɗaya ake magana. A ramin bawul kuwa gudun iska kan ninka na maƙogwaro sau biyu ko uku, kuma da yake asara na tafiya da ninkin gudu a kansa, harajin can ya ninka na nan sau huɗu zuwa tara. Don ka ga girman abin da kyau: hawa daga Legas zuwa Jos, mai tsayin kimanin mita 1,200, na rage matsin iska da fiye da kashi 10 cikin ɗari, kuma direbobi da yawa ba sa ma lura.

Kada ka ɗauka maƙogwaro ba ya taɓa zama cikas. A 1987 a filin tseren Talladega na Amurka, Bill Elliott ya zagaya fili da matsakaicin gudun mil 212.8 a awa, sama da kilomita 340. A tseren da ya biyo baya tayar Bobby Allison ta fashe, motarsa ta tashi sama ta yaga shingen da ke kare 'yan kallo. Daga 1988 hukumar NASCAR ta tilasta sa wani falle mai ƙananan ramuka huɗu a ƙarƙashin kafireta a Talladega da Daytona. Falle guda ya zabtare wa injinan ɗaruruwan dawakai. Dalili kuwa, idan rami ya yi ƙanƙanta har gudun iska a cikinsa ya doshi gudun sauti, wajen mita 340 a daƙiƙa, to ya ƙure, duk yadda fistin ya ja ba za a samu ƙari ba. A irin wannan yanayi kowane ɗan gyara a siffar hanyar yana da daraja. Motar gida mai mita 35 zuwa 45 a daƙiƙa tana can nesa da wannan iyaka. Inda aikin ke biyan kuɗinsa shi ne injin da aka riga aka ƙara masa numfashi ta wasu wurare. Honda ta nuna misali da Integra Type R a 1995: ma'aikata sun gyara ramukan bawul da hannu, an sauya kam, an ƙara matsin silinda, an bar injin ya haura juyi 8,000, sannan aka ƙara wa maƙogwaron ɗan faɗi don ya dace da sauran.

To me ya sa wanda aka yi wa aikin yakan rantse cewa motarsa ta sauya? Ba ƙarya yake ba, akwai abin da ya ji. Idan rami ya ƙara faɗi, ko aka sassaƙe bangon da ke kusa da faifan, ɗan taki kaɗan na buɗe hanya fiye da da. Abin da a da sai ka taka rabi, yanzu a sulusi kake samunsa. Mota ta ƙara zumuɗi a ƙafa, amma idan ka taka har ƙasa ƙarfin na nan inda yake. Sau da yawa kuma maƙogwaron dama ya yi datti da ƙura da tiririn mai, musamman a ƙasashenmu masu hunturu, wankin da ya samu a wurin aikin ne ya gyara shi.

Haɗarin na nan a wuri guda: zoben da bakin faifan ke zama idan totur na rufe. Tazarar da ke wurin ba ta wuce kaurin gashi kaɗan ba, kuma da ita aka yi lissafin sulo. Garanda ta taɓa nan, iska za ta riƙa satar hanya, sulo ya hau ya ƙi sauka, kuma ƙarfen da aka cire ba ya komawa. Sukurorin faifan ma a masana'anta ake daddatse bakinsu don kada su kwance. In aka goge wannan datsin ba a ɗaure su da wani abu ba, ranar da ɗaya ya kwance cikin silinda zai nufa. Faifan da ya maƙale a buɗe kuwa ba sai an yi maka bayaninsa ba. Tun daga BMW 750i ta 1987 aka fara raba totur da waya, yanzu kusan duk sabuwar mota ƙaramin moto ne ke juya faifan bisa umarnin kwamfuta. Kwamfutar na da taswirar yawan iskar da kowace kusurwa ke bari ta wuce, kuma wasu motocin na lura idan abin da suka auna ya saɓa da taswirar, su kunna fitilar gargaɗi ko su rage wa kansu ƙarfi. Wanda aka taɓa wanke wa totur bodi sulo ya hau har sai da aka sake koya wa kwamfutar saiti ya ɗanɗani kaɗan daga wannan.

Su kansu masu ƙera motoci hankalinsu ya daɗe da komawa ɗaya ɓangaren. Direba kan yi mafi yawan tafiyarsa da faifan kusan a rufe, inji na wahalar jan iska ta ƙaramar kafa, kuma wannan wahalar fetur take ci. A 2001 BMW ta fito da Valvetronic, inda bawul ɗin kansu ke rage iska ta hanyar buɗewa kaɗan ko da yawa, faifan totur kuma ya zauna a buɗe mafi yawan lokaci.

In kana son sanin ko maƙogwaron motarka na tauye ta, kana da abin da Weslake bai samu ba. Motoci da yawa na da na'urar auna matsi a bayan faifan, kuma ƙaramar na'urar OBD da ake haɗawa da wayar hannu na karanta ta. Kunna makulli ba tare da tayar da inji ba ka rubuta adadin, shi ne matsin iskar garinku. Sai a samu hanya marar cunkoso, wani na tuƙi kai kana duba waya, a taka totur har ƙasa a giya ta biyu zuwa kusa da jan layi. Bambancin adadin biyu shi ne harajin matatar iska da tiyo da maƙogwaro a haɗe. Idan faskal 1,000 zuwa 2,000 ka gani, babu abin da garanda za ta tono a nan. Idan ya kai 5,000 ko fiye, fara da buɗe akwatin matatar iska ka ga rabonta da a sauya ta.